Ni da Tsohuwar Kwamfutar Manoman Ikara

Ba zan taɓa mantawa da Larabar nan ba, kuma ko na so in manta 'yan gidanmu ba za su bar ni ba. Har yau idan na tuna sai in ji fuskata ta ɗau zafi. Abin haushin ma, ban gama yanke hukuncin wanda ya fi ba ni haushi ba: ni kaina, ko wata tsohuwar kwamfuta da ke zaune a ofishin manoma a Ikara.

A lokacin ban daɗe da gama difloma a fannin kwamfuta ba. Ina aiki a wani ɗan shago a Zariya, muna yi wa makarantu da 'yan kasuwa shafukan intanet. A gidanmu a Makarfi babu wanda ya fahimci abin da nake yi. Duk wanda wayarsa ta faɗa ruwa ni yake kawo wa, idan na ce ba aikina ba ne sai a ce, "To karatun me kika yi?" (Kakata kuwa har gobe cewa take yi ina aikin buga katin biki.) Mutum ɗaya ne ya ɗauke ni da muhimmanci, Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, wanda shi ne sakataren wata ƙungiyar manoman rani da ta haɗa mutanen Ikara da Makarfi da Kudan.

A shekarar wasu masu ba da tallafi suka ce za su raba wa 'yan ƙungiyar irin tumatir da injinan ban-ruwa, amma da sharaɗi: kowane manomi sai an yi masa rajista a fom na intanet, an buga masa takardar shaida, kuma za a rufe ranar Alhamis ɗin da suka tsayar. Sun kuma yi ƙorafi a kan tsohon littafin ƙungiyar, domin gari ɗaya sai ka same shi da rubutu iri huɗu. Wani ya rubuta Hunkuyi, wani Unkuyi, wani ma ya rubuta "wajen Hunkuyi ta gabas". Suka ce a nemo wanda zai gyara. Kawu ya miƙe a taro ya ce, "Ai muna da 'ya a gida." Na samu labarin wasu sun yi gunaguni, wai wannan aiki ya fi ƙarfin yarinya. Kawu ya dafa ƙirji ya ce idan aikin ya lalace a kama shi.

Da wannan gunagunin a zuciyata na fara aikin, kuma ina jin shi ne ya fara kumbura mini kai. Na yi niyyar in yi musu abin da ba su taɓa gani ba. Na tsara fom ɗin yadda wurin rubuta sunan gari zai riƙa taimakon mai bugawa: kana danna harafi biyu, sai sunayen da suka fara da su su zubo a ƙasa ka zaɓa. Ka buga "Pa" ka ga Paki da Pala. Ka buga "Ta" ka ga Taba da Tashar Yari. Na kuma ɗaure shi tamau, idan ba daga cikin jerin ka zaɓa ba, fom ba zai wuce ba. Sunayen duka suna zaune ne a wani dogon jeri da na rubuta da JavaScript, yaren da ake ba shafin intanet umarni da shi. Tsarin ba wuya: ka buɗe baka, wato alamar da ake killace rubutu da ita, ka jera sunaye kana sa waƙafi tsakanin kowane biyu, ka rufe baka.

Wahalar da na sha ba daga kwamfuta ta zo ba, daga shugaban ƙungiya ta zo. Alhaji Mudi dattijo ne mai gonar rake, mutumin kirki a bakin kowa, amma idan ya riƙe waya ba ya saki. Yana da wata 'yar unguwa ta danginsa a gefen Paki, Gidan Mudi. Ya kira ni, bayan gaisuwa mai tsawo wadda sai da ya tambayi lafiyar kowa har da awakin mahaifiyata, ya ce a sa Gidan Mudi a jeri. Na sa a ƙarshe. Washegari ya ce a cire, mutanen Paki za su ce yana neman raba gari. Na cire. Bayan kwana biyu ya ce a mayar, 'yan'uwansa sun yi fushi. Na mayar. Ranar Asabar, ina tsakiyar cin abinci, ya sake kira ya ce ya yi shawara da mai unguwa, a cire. "To Baba Alhaji, an gama," na ce da murya mai laushi kamar auduga. Na ajiye cokali, na goge sunan da ƙarfin da har madannin ya yi ƙara, na rufe kwamfuta.

Na gwada fom ɗin a laftof ɗina, ya yi. Na gwada a wayata, ya yi. Na gwada a wayar ogana da ta matarsa, sunaye suna zubowa gwanin sha'awa. Na tura wa Kawu adireshin shafin, har da ɗan saƙo cewa a gaya wa masu gunaguni su zo su kalla.

Ranar Litinin da hantsi wayata ta yi ƙara. Mama Rifkatu ce, mai kula da ofishin ƙungiyar. 'Yar kudancin Kaduna ce da ta yi shekaru tana buga tafireta a sakatariya kafin ta yi ritaya, ta zauna a Ikara, kowa Mama yake ce mata.

"'Yata, abin nan naki ba ya fitowa," ta ce. "Na buga Ku, ina jiran Kudan, shiru. Na rubuta sunan gaba ɗaya da hannuna, ya ƙi wucewa. Ga mutane sun cika waje."

Maimakon in tambaye ta abin da take gani a allo, sai na gyara zama na fara koyarwa. Na ce sabis ne, ta jira. Ta ce sabis lafiya lau, ta buɗe wasu shafukan. Na ce ta kashe kwamfutar ta kunna. Ta ce ta yi sau uku. Na ce to wataƙila ba ta buga haruffan daidai ba. (Ku dubi ƙarfin hali. Matar da ta fara buga rubutu tun kafin a ɗaura auren iyayena, ita nake koya wa inda K yake.) Sai ta ce, "Akwai wata 'yar alama ruwan ɗorawa a ƙasan allo, tana cewa akwai kuskure a shafin." Na ce mata ta rabu da ita, tsofaffin kwamfutoci haka suke surutu.

Ranar nan ko mutum ɗaya ba a yi wa rajista ba. Da yamma Kawu ya kira, muryarsa a sanyaye, ya ce in daure in zo.

Talata da sassafe na hau mota zuwa Ikara, ina tafe ina tsara faɗan da zan yi. Da na iso sai na ga abin da ya kamata ya sanyaya mini jiki, amma ya ƙara tunzura ni. Babura jere a gindin bishiyoyi, dattawa zaune a kan tabarmi da katunansu a hannu, wasu tun daga Taba suka taso, sun bar aikin gyaran fadama. Ina wucewa na ji wani ya ce, "Ga injiniyar ta iso." Ban san ko yabo ba ne ko ba'a, amma na ɗauke shi ba'a.

Sai ga kwamfutar. Allonta mai ƙatuwar ƙeya, launinta ya koma kalar kunun gyaɗa, an lulluɓe ta da wani ɗan zane mai ado kamar amarya. Idan an kunna ta sai ta yi gurnani na minti biyar kafin ta buɗe ido. Burauzar da ke cikinta, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, rabona da ganin irinta tun ina firamare. Na buɗe laftof ɗina a gefenta, na buga "Pa", Paki da Pala suka fito. Na buga a tasu, ko motsi. Na kalli Mama Rifkatu na ce, "Kin gani ko? Fom ɗina lafiyarsa ƙalau."

"Na gani," ta ce. "To yanzu yaya za mu yi da mutanen waje?"

Na ce a yi rajistar da laftof ɗina. Sai ta nuna mini firintar da ke buga takardar shaida, wadda ita ma sa'ar kwamfutar ce, da wata ƙatuwar igiya mai faɗin baki da babu inda za ta shiga a jikin laftof. Ba takarda kuwa, ba tallafi. Na yi ƙoƙarin sauke sabuwar burauza, bayan awa biyu ana jira kwamfutar ta ce ba za ta iya ɗauka ba. Na share duk abin da burauzar ta adana. Na zargi ƙwayar cuta. Na zargi janareta. Har linzamin kwamfutar sai da na juya na hura masa iska. A ƙarshe, da kyar, na danna alamar nan ruwan ɗorawa da Mama ta gaya mini tun jiya. Ta ba ni lambar wani layi, ta ce a wurin an nemi a karanta wani abu, an tarar babu komai. Na je layin. Shi ne wanda ke bin sunaye ɗaya bayan ɗaya yana gwada su da abin da aka buga. Na karanta shi sau goma, babu ko ɗigon kuskure. Na ce, "Ƙarya take yi." Da ƙarfi na faɗa, har wani dattijo da ke leƙe ta taga ya ce, "Subhanallahi, ita ma tana ƙarya?"

Jerin sunayen kansa kuwa ban ko kalle shi ba. Me zan kalla? Sunayen garuruwa ne kawai, ni na rubuta su.

Na kwana a Makarfi ina huci. Mahaifiyata ta ce in ci tuwo, na ce ai ba a cin abinci a ƙasar da ba a daraja ilimi. (Na ci daga baya, har da ƙari.) Laraba da safe na koma ofis da wata dabara. Na sa shafin ya faɗi adadin sunayen da ke cikin jerin. Laftof ɗina ya ce sittin da uku. Tsohuwar ta ce sittin da huɗu. Na ƙirga da yatsa a takardar da Kawu ya ba ni tun farko: sittin da uku cif. Wani daɗi ya rufe ni. Mai hankali da ya ga haka zai tsaya ya tambayi kansa, ina ta samo na sittin da huɗun? Ni kuwa abin da na gani shi ne hujjar da zan wanke kaina da ita a gaban jama'a.

Bayan azahar Alhaji Mudi ya tara shugabannin ƙungiya a ofis, domin saura kwana ɗaya a rufe rajista. Mutum goma sha wani abu a ɗan ɗaki, ga zafi, ga manoma sun cika tagogi biyu da bakin ƙofa. Kawu yana zaune a lungu yana murza hularsa. Aka yi addu'a, aka gaisa, sannan Alhaji ya juyo gare ni.

"'Yar nan, mun ji an ce abin ya ƙi. Ki gaya mana gaskiya, mu san abin da za mu gaya wa mutane."

Na miƙe tsaye. Babu wanda ya ce in miƙe. Na ce da farko ina so a sani, aikina ba shi da matsala, an gwada shi a na'urori huɗu. Na ce ba zai yiwu a kawo aikin zamani a ɗora wa akwatin da ya kamata a ce yana wurin 'yan gwangwan ba. Na ce tun ranar Litinin ake kallona kamar na yi laifi, alhali laifin na waɗanda suka ƙi ci gaba ne. (A nan Kawu ya yi tari. Na gane tarin, na yi kamar ban ji ba.) Sannan na juya allunan biyu suka fuskanci dattawa.

"Ku duba da idonku. Garuruwa sittin da uku ne a takardarku. Tawa ta ce sittin da uku. Taku ta ce sittin da huɗu. Abin da ko ƙirga bai iya ba, shi za a ce ya fi ni gaskiya?"

Na ga wasu suna gyaɗa kai, na ji kamar an naɗa ni sarauta. Sai Mama Rifkatu ta cire tabaraunta ta goge da gefen zane.

"Alhaji, a ba ni izini. Ni ban san wannan yaren nasu ba. Amma a sakatariya, idan lissafin takarda biyu ya saɓa, ba ma gardama. Mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, har da aya da waƙafi, ɗaya ya bi da yatsa. 'Yata, buɗe mini inda sunayen suke."

Da ina da sauran wayo da na ce a bari sai an watse. Amma ni da bakina na ce, "Bismillah, Mama. A karanta kowa ya ji. Idan aka samu kuskure ko na ɗigo ɗaya ne, na yarda a kira ni duk sunan da aka ga dama." Har ƙara girman rubutun na yi mata, don kada ta wahala.

Ta ja kujera, Kawu ya riƙe takarda yana bi. Ta fara da wata murya da ban san tana da ita ba, madaidaiciya, ba hawa ba sauka, irin ta wanda ya yi shekaru yana karanta abin da ba ruwansa da ma'anarsa. "Buɗe baka. Auchan, waƙafi. Dandamisa, waƙafi. Doka, waƙafi." Manoman taga suka shiga amsawa, duk wanda aka kira garinsu sai ya ce "Na'am!" ana dariya. Ni ina tsaye na harɗe hannu, ina kallon silin kamar wadda ake ɓata wa lokaci. Ta wuce Gimi, ta wuce Likoro, ta wuce Paki, ta wuce Taba.

"Zabi, waƙafi. Rufe baka."

Ta tsaya. Ta sake matsawa kusa da allo. "Zabi, waƙafi, rufe baka. 'Yata, wannan waƙafin na ƙarshe, wa yake jira? Ai idan ka sa waƙafi, ka yi alkawarin akwai mai zuwa."

Na gane komai a cikin daƙiƙa ɗaya. Ranar Asabar da na goge Gidan Mudi cikin fushi, sunan na goge, na bar waƙafin da ke gabansa. Sababbin burauzoji idan suka ga irin wannan sai su kau da kai su wuce. Tsohuwar kuwa ta ɗauki maganata da gaske: ta ga waƙafi, ta ware wa baƙo na sittin da huɗu wuri, da aka zo karanta sunansa aka tarar ba kowa, sai ta tsaya cak ta ƙi yin komai. Abin da take ta gaya mini ke nan tun Litinin, ni kuma na ce ƙarya take yi.

Na buɗe baki in ce wani abu, ban san ko mene ne ba. Amma Mama ta riga ta koma bakin aikinta, domin a ƙa'idarta ba a barin takarda sai an kai ƙarshe. A ƙarƙashin jerin akwai wani layi. Mu masu wannan aiki muna da wurin da muke rubuta wa kanmu tuni a cikin umarnin, muna fara shi da sanda biyu a karkace, kwamfuta ba ta karanta shi, tsallakewa take yi. Na manta sam cewa ranar Asabar ɗin, kafin in rufe laftof, na sauke haushina a wurin. Da Hausa kuma, tsantsa.

"Sanda biyu a karkace," in ji Mama, da muryar nan tata. "An cire Gidan Mudi karo na biyu, aya. Wannan tsoho mai kan dutse bai san abin da yake..."

Ta katse karatun. Sai a lokacin ma'anar ta iso mata. Ta ɗora hannu a baki.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Har janaretan waje sai da na ji kamar ya rage murya. Kawu ya sauke takardar a hankali ya rufe fuskarsa da hula. Ni kuwa ina nan tsaye, hannuna a harɗe har yanzu, domin na rasa yadda ake warware shi.

"Ƙarasa mana, Madam," in ji Alhaji Mudi. "Ai ita ta ce a karanta kowa ya ji."

"Alhaji, a bar shi haka."

"A'a, ƙarasa. Da waƙafinsa."

Ta mayar da ido kan allo. "Bai san abin da yake so ba, waƙafi, sai kiran waya da tauna goro, aya."

Wani a taga ya kasa riƙewa, ya fashe, sauran suka bi. Na ji ana maimaita maganar ana miƙa ta baya, daga taga zuwa gindin bishiya, har na jiyo dariyar waɗanda ke can wajen babura. Na durƙusa a wurin, a kan simintin ofis, na ce, "Baba Alhaji, don Allah ka yafe mini." Muryata ta fito kamar ta ɗan akuya.

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Kiran waya, gaskiya ne, ina yi. Kan dutse kuma, uwargidana ta riga ki faɗa. Amma goro, 'yar nan, kin yi mini ƙazafi. Likita ya raba ni da shi tun kafin ki shiga sakandare." Ya juya ga jama'a, ya ɗaga hannu aka yi shiru. "To yanzu wannan waƙafin, kwana nawa za a yi ana cire shi? Mutane suna da gonaki."

Na tashi na je gaban laftof. Dannawa ɗaya. Kwana uku na manoma, kuɗin man baburansu, mutuncin kawuna, jawabin da na yi a tsaye, duk a kan abin da na goge da ɗan yatsa ɗaya. Na tura gyaran, Mama ta sabunta shafin, tsohuwar ta yi gurnaninta. Ta buga "Ta". Taba da Tashar Yari suka zubo, tsaf, kamar ba su taɓa yin gardama ba. Aka yi kabbara a waje. Na ji wani yana cewa, "Mama ta gyara! Mama ta gyara!" Na so in ce ai ni na danna, sai na ga ba ranar da zan nemi haƙƙina ba ce.

Daga lokacin har zuwa yammacin Alhamis ina gefen Mama Rifkatu, ina karɓar katunan manoma ina karanta mata, tana bugawa da yatsu goma ba ta ko kallon madannai. Kowane dattijo ya zo gabana sai ya gaishe ni da ladabi fiye da kima, "Sannu da aiki, Injiniya," yana danne dariya. Wani ma da na tambaye shi garinsu cewa ya yi, "Paki, waƙafi." Mun gama da mutum na ƙarshe ana kiran la'asar ranar Alhamis. Babu wanda ya rasa. Mama ba ta ce mini komai a kan abin da ya faru ba, sai da za mu rabu ta riƙe hannuna ta ce, "Aikinki yana da kyau, 'yata. Da can sai in yi minti biyu a kan sunan gari ɗaya." Wannan maganar ta fi dariyar manoma sa ni jin kunya.

Labari kuwa ya riga ni isa Makarfi. Mahaifiyata ba ta yi faɗa ba, ta dai sa mayafi ranar Juma'a ta ce in wuce mu je. Ita da Kawu suka tasa ni gaba har Gidan Mudi (unguwar tana nan, na gan ta da idona, gida bakwai ne da masallaci), na sake durƙusawa a zaure na ba da haƙuri yadda ya kamata. Alhaji ya ce ya wuce, ya sa aka sare mana rake. Kawu bai yi mini magana ba a hanyar dawowa sai da muka kusa gida, ya ce, "Na ce idan ya lalace a kama ni. Ban ce ki taya su kamawa ba."

Har yanzu, in faɗi gaskiya, ina jin haushin sababbin burauzojin nan. Su huɗu suka ga kuskurena, babu wadda ta ce uffan, suka bar ni na tafi Ikara ina taƙama. Wadda ta gaya mini gaskiya ita na zaga a gaban mutane. Tun daga ranar, duk aikin da na yi sai na nemi na'ura mafi tsufa a unguwa na gwada shi a kai, kuma idan ta yi ƙorafi ina zama in saurara. Wurin rubuta tuni kuwa, yanzu ba na sa komai a ciki sai abin da zan iya karanta wa surukata.

Da tumatir ya nuna, wani direba ya sauke kwando guda a ƙofar shagonmu a Zariya, a gaban ogana da kwastomomi. An manna masa takarda, bugun tafireta, babu kuskure ko ɗaya. Ogana ne ya cire ta ya karanta da ƙarfi kafin in kai hannu: "Zuwa ga Injiniya, daga tsoho mai kan dutse."